Tambaya da Amsa: Bankin da ya faro daga rancen dala 27

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwar adashe ce, mu mata talatin da biyu ne a unguwarmu, masu ƙuli-ƙuli da awara da ɗinki. Ɗana ya ce min wai akwai wani banki a ƙasar waje da ya samo asali daga ranta wa matan ƙauye 'yan kuɗi. Da gaske ne? Yaya aka yi ya zama banki, kuma mu ma za mu iya?
Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gaskiya ɗanki ya faɗa miki. Sunan bankin Grameen, a ƙasar Bangaladesh, kuma ma'anar sunan a harshensu ita ce na ƙauye.

A 1974 aka yi mummunar yunwa a ƙasar. Lokacin Farfesa Muhammad Yunus yana koyar da ilimin tattalin arziki a Jami'ar Chittagong. A 1976 ya shiga ƙauyen Jobra da ke daf da jami'ar, ya tarar da mata masu saƙa kujeru da gora. Ba su da kuɗin sayen gorar, sai su ci bashi wajen dillali, shi kuma ya gindaya musu sharaɗin shi kaɗai za su sayar wa, a farashin da ya ga dama. Mace ta wuni tana saƙa, abin da zai rage mata bai kai na cefane ba. Da aka lissafa, mutum 42 ne, kuma gaba ɗaya jarin da suke bukata taka 856 ne a kuɗin ƙasar, kimanin dala 27. Ya zaro daga aljihunsa ya ranta musu, suka kuma biya.

Ya je banki ya roƙi a ci gaba da ba su, aka ce talaka ba shi da abin jingina. Sai shi ya tsaya musu a bankin Janata. Tsarin da ya fito da shi ba zai zame miki baƙo ba: mata biyar-biyar suke haɗuwa, kowane mako ma'aikaci ya zo har ƙauye a zauna a bainar jama'a, kowa ta biya kaɗan. Duk lokacin da na karanta wannan sai na tuna mahaifiyata ranar Juma'a da yamma, ta baje tabarma, littafin adashe a cinya, yara suna shigowa da zubin iyayensu ƙulle a gefen zane. Ba ta taɓa karɓar jingina ba. Kunyar idon maƙwabta ce ta riƙe adashen nan shekara da shekaru, ita ce kuma ta riƙe na Jobra.

A 1979 aka faɗaɗa aikin zuwa yankin Tangail da goyon bayan babban bankin ƙasar, sannan a Oktoban 1983 gwamnati ta yi doka ta musamman ta mai da shi banki mai cin gashin kansa.

A ganina, Hajiya, abin da ya fi lasisin muhimmanci shi ne ajiya. Kowace mai cin bashi tana ajiye wani abu duk mako, tana kuma sayen hannun jari, har ya zama matan nan su ne masu kaso mafi tsoka a bankin. Kusan kashi 97 cikin ɗari na masu karɓar rancen mata ne. A 1995 bankin ya yanke shawarar daina karɓar tallafin ƙasashen waje. Ambaliyar 1998 ta jijjiga shi ƙwarai, biya ya gagari mutane da dama, dole aka sassauta tsarin biyan, aka kuma buɗe ƙofar ajiya sosai, har kuɗin ajiya suka zarce bashin da ke waje. A 2006 Yunus da bankin suka sami kyautar zaman lafiya ta Nobel.

Ba zan ɓoye miki ba, Grameen yana karɓar kuɗin ruwa, kashi 20 cikin ɗari a kan rancen sana'a, wannan kuwa magana ce da sai kun zauna da malamanku. An kuma sha kukan matan da matsin biyan mako ya sa suka ci wani bashin don su toshe wani.

Batun ko za ku iya, a nan gida ma an yi: LAPO, mai ba masu ƙaramin ƙarfi rance, ta fara a matsayin ƙungiya a kudancin Najeriya kafin ta zama ƙaramin banki a 2010. Sai dai Babban Bankin Najeriya ba ya ba da lasisi sai an ajiye jari na miliyoyin naira, ko da na banki marar ruwa ne, wanda shi ma doka ta amince da shi. Don haka shawarata, ku fara yin rajista a matsayin ƙungiyar gama kai a ma'aikatar jiharku, ku buɗe asusu da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum uku. Ban da zubin kwasa, ku ware wani ɗan zubi da ba a taɓawa sai don ranta wa 'yar ƙungiya jari. Ki sa ɗan nan naki ya riƙa rubuta shige da ficen kowace naira, a karanta wa kowa ranar taro.