Burodin gaggawa: me giya ke yi a ciki, da abin da muke sawa a madadinta

Ka tambaye ni game da burodin nan da Turawan Amurka da Ailan ke yi da giya, wanda ba a sa masa yis, ba a kuma jiran ya tashi. Kana son sanin wace giya suke zaɓa, da kuma ko za mu iya yin irinsa a nan. To, ɗana, bari in fara da abin da mutane suka fi kuskure a kai.

Ba giyar ce ke tayar da wannan burodi ba. Mafi yawan giyar kwalba da ta gwangwani an tace ta, an kuma ratsa ta da zafi, don haka yis ɗin cikinta ya mutu ko an cire shi. Ko da yana raye, 'yan mintocin da ke tsakanin kwaɓi da obin ba su ishe shi yin komai ba. Bekin foda ne ke ɗaukar nauyin aikin. Giyar abu uku take bayarwa: ruwan kwaɓi, ɗanɗanon tsiron sha'ir, da ɗan gas da ke taimaka wa kwaɓin ya yi sauƙi. Shi ya sa zaɓinsu na ɗanɗano ne kawai. Mai son burodi mai haske da laushin ɗanɗano yakan ɗauki farar giyar da suke kira laga. Mai son baƙi mai ƙamshin gasasshen hatsi yakan ɗauki irin Guinness. Masu yawan furen hops kuwa, wato furen da ke sa wa giya ɗaci, gwanayensu na guje musu, domin ɗacin ba ya fita a wuta, a cikin burodin yake zama.

Kada kuma wani ya ce maka ai wuta na ƙone barasar duka. Ma'aikatar noma ta Amurka ta nuna cewa abincin da aka gauraya da barasa aka gasa awa guda yana iya riƙe kusan kashi 25 cikin ɗari nata. Saboda haka giya ba ta shiga kwaɓinmu, kuma ba mu yi asarar komai ba, tunda abubuwan nan uku duk suna cikin lemon malt marar barasa, wanda shi ma daga tsiron sha'ir ake yin sa.

Ga awo na gwangwanin burodi ɗaya mai tsawon santimita 23 da faɗin 13: fulawa giram 375, wato kofi uku, bekin foda babban cokali ɗaya, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, malt gwangwani ɗaya na mililita 330, da narkakken bota giram 50. Ka lura ban ambaci sukari ba. Turawa suna ƙara cokali biyu ko uku domin giyarsu ba ta da zaƙi, yis ya riga ya cinye sukarinta. Malt kuwa da sukarinsa yake zuwa. In ka bi awonsu ka ƙara naka, bayan burodin zai ƙone tun cikinsa yana ɗanye.

A nan ne zaɓi ke da muhimmanci a wurinmu. Malta Guinness na ba da launi mai duhu da ƙamshi mai ƙarfi, burodinsa ya dace da shayi ba tare da an shafa masa komai ba. Maltina ya fi zaƙi mai laushi, yara sun fi son nasa. Amstel Malta bai kai su nauyin zaƙi a baki ba, shi nake zaɓa in za a ci da ƙwai ko wake. In kuma burodin cin miya ko kifin gwangwani ake so, raba ruwan biyu: rabi malt, rabi ruwan soda marar zaƙi. Fanta da ire-irenta suna tayar da shi, amma abin da zai fito ya fi kusa da kek mai warin alewa, ban yarda a sayar da shi da sunan burodi ba.

Kunna obin tukuna, ya kai digiri 180, ka shafa wa gwangwani mai. Kada ka buɗe malt sai waɗannan sun kammala, domin bekin foda na fara aiki da zarar ya taɓa ruwa. Tankaɗe fulawa da bekin foda da gishiri tare, don kada wani ya ci karo da ƙullutun foda mai ɗaci. Zuba malt ɗin da ba sanyi, tare da rabin botan, ka juya da muciya har garin ya ɓace, sannan ka cire hannunka. Hannun da ya saba murza kwaɓin yis shi ne babban abokin gabar wannan burodi. Kwaɓin zai fito da kauri, da danƙo, da 'yan gudaji, haka ake son sa. In ka ci gaba da bugu don ya yi sumul, danƙon alkama zai ɗaure, burodin ya fito da tauri da dogayen ramuka a ciki. Lokacin hunturu fulawa takan bushe, sai ka ƙara ruwa cokali biyu in ka ga gari ya ƙi haɗuwa.

Juye a gwangwani, kwarara sauran botan a kai, ka gasa minti 45 zuwa 55. Kada ka buɗe ƙofa a rabin awa na farko, tsakiyarsa za ta faɗa. In saman ya yi duhu da wuri, rufe shi da takardar foil. Tsagewar da za ka gani a bayansa ba aibi ba ce. Soka tsinke a tsakiya, in ya fito ba danshin kwaɓi, ya nuna. Mai gasawa a tukunya da yashi ya ɗora gwangwanin a kan ƙarfe ko duwatsu, ya rage wutar ƙasa, ya sa garwashi a murfi, don sukarin malt na saurin kamawa a gindi.

In ya fito a daskare bai tashi ba, fara zargin fodar kafin malt. Zuba rabin ƙaramin cokali a ruwan zafi, in bai yi kumfa nan take ba, damina ta kashe shi, sayo sabo. In ya tashi sosai sannan ya rufta, ga ɗaci a harshe, foda ta yi yawa. Bar shi minti 15 a gwangwani kafin ka fitar, kada ka yanka da zafi, zai dame a wuƙa. Ba ya jure ajiya kamar na yis, don haka ka gasa daidai abin da za a sayar yau da gobe.