Sisin Gwal Tara a Madadin Bashin Masara: Nawa Ne Ƙimarsu?

Wani Alhaji ɗan kasuwa da ke sayar da hatsi a Tudun Hatsi, cikin garin Gombe, ya aiko da tambaya. Ya ce wani abokin cinikinsa da yake bi bashin kuɗin masara ya kawo masa sisin gwal guda tara da ya gada daga mahaifiyarsa, yana so a karɓe su a madadin bashin. Wasu suna ɗauke da hoton Sarauniya Biktoriya, wasu na Sarki Joji na Biyar, biyu daga cikinsu kuma an taɓa liƙa musu marataya aka sa a sarƙar wuya. Mai su ya nace cewa tunda sun haura shekara ɗari, kuɗinsu ya ninka na zinariyar kasuwa sau uku. Alhajin yana son ya san yadda zai gane na gaske daga jabu, da yadda ake yi musu kuɗi, kuma ko ya dace ya fara tara irinsu a matsayin ajiya.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, kuma na ji daɗi da ka tsaya ka tambaya kafin ka soke bashin. Shawarata ita ce ka biya kuɗin zinariyar da ke cikinsu kawai, duk abin da aka ɗora a kai da sunan tsufa kuma ka bar shi a gefe har sai an kawo hujjar da za ta tsaya a gaban masana. Kafin mu kai ga hujja, ina roƙon ka abu ɗaya da gaggawa: kada ka bari a wanke su da toka, ko lemun tsami, ko man goge haƙori, kuma kada maƙeri ya goga su a dutsen gwaji ko ya sa musu zarto don ya ɗiga asid. Wannan gwajin ya dace da awarwaro da ɗan kunne da za a narke, amma idan akwai wata mai daraja a cikin taran nan, ƙarzanewa ɗaya ta isa ta mayar da ita zinariyar awo.

Abin da aka kawo maka shi ne fam ɗin zinariya na Ingila, wanda masu shi suke kira sofarin, Larabawa kuma suke ce masa junaihi. An fara buga shi a wannan siffa a 1817, kuma ma'auninsa bai canza ba tun daga lokacin: nauyinsa giram 7.99, faɗinsa milimita 22.05, kaurinsa kusan milimita ɗaya da rabi, zinariyarsa karat 22. Tsantsar zinariyar da ke cikin kowane ɗaya giram 7.32 ce, ragowar galibi jan ƙarfe ne da aka haɗa don ya yi ƙwari. Waɗannan alƙaluma su ne makaminka na farko. Ka nemi ƙaramin sikeli na dijital mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, irin na masu sayar da gwal, da ma'aunin faɗi da kauri irin wanda masu walda da makanikai suke riƙewa. Wanda ya sha hannu yana iya sauka zuwa giram 7.94 ko kusa da haka, amma wanda ya faɗi ƙasa da 7.90 alhali zanensa bai goge ba, akwai magana a kansa.

Dalilin da ya sa dole a haɗa nauyi da faɗi da kauri a awo ɗaya shi ne zinariya ta fi kusan duk ƙarfen da mai jabu zai iya samu nauyi. Idan aka ɗauki ruwa a matsayin ɗaya, tsantsar zinariya 19.3 ce, dalma 11.3, jan ƙarfe kusan 9, tagulla ƙasa da haka. Saboda haka wanda ya yi jabu da tagulla ya shafa mata ruwan gwal yana cikin tsaka mai wuya: in ya daidaita girma, nauyi zai gaza, in ya daidaita nauyi, sai abin ya yi kauri ko faɗi. Maganaɗisu yana da amfani amma kaɗan, domin ba ya jan zinariya, kuma ba ya jan tagulla ko dalma, don haka rashin mannewa ba shaida ba ce. Na'urar haske da wasu manyan shagunan gwal suke da ita tana karanta fatar waje ne kawai, shi ya sa ko an gwada da ita sai an koma ga sikeli.

Akwai wani nau'in da ya fi yawa a hannun mutanenmu, kuma shi na fi zato a cikin taranka. A ƙasashen Larabawa an daɗe ana buga kwaikwayon sofarin da zinariya ta gaske, da hoton Joji na Biyar a gaba, da mahayin doki da tsohuwar shekara a baya, ana sayarwa a shagunan gwal bisa nauyi. Da yawa daga cikinsu giram 8 ne cif, karat 21, wasu ma an buga musu lambar karat ƙarama a jiki. Alhazai da hajiyoyi sun shigo da su da yawa, an biya sadaki da su, an raba su a gado, kuma babu wanda ya yi niyyar yaudara. Irin wannan zinariya ce ta halal, sai dai tsantsar da ke cikinta giram 7 ce, kuma shekarar da aka rubuta a jikinta ado ce. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san riyal ɗin azurfa na Mariya Tereza da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Borno da ƙasar Hausa: kusan duka suna ɗauke da 1780, alhali an ci gaba da buga su da wannan shekarar fiye da ƙarni biyu.

Ka ɗauki madubin ƙara girma mai ninki goma ka duba su a hasken rana. Na gaske an buga shi ne da matsi mai ƙarfi, don haka haruffansa tsaf suke, tsage-tsagen gefensa a jere suke daidai wa daida, filin da ke bayan hoton kuma a shafe yake. Wanda aka zuba a mazubi yakan nuna ƙananan ramuka kamar na ƙyanda, haruffa masu kumburi, wani lokaci da siririn layi a gefe inda ɓangarori biyu suka haɗu. Sannan ka gwada shekara da hoto. Biktoriya ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, Edwad na Bakwai daga 1901 zuwa 1910, Joji na Biyar daga 1910 zuwa 1936, saboda haka kan Biktoriya da shekarar 1905 ƙarya ce a fili. A yawancinsu, a ɓangaren doki, a kan ƙasar da ke ƙarƙashin kofato, sama kaɗan da shekarar, akwai ɗan harafi da ke nuna inda aka buga: S na Sidni, M na Melbon, P na Fat, duka a Ostareliya, C na Otawa a Kanada, SA na Firitoriya a Afirka ta Kudu, da I na Bombai a Indiya wanda aka yi a 1918. Na Landan ba shi da harafi. Landan ta buga na Joji na Biyar daga 1911 zuwa 1917, sai kuma masu shekarar 1925, don haka in ka ga 1920 ko 1922 babu harafi, ka san ba daga gidan buga kuɗi na hukuma ya fito ba.

Wannan ɗan harafin shi ne zai nuna maka inda abokin cinikinka ya yi kuskure. Masu tara tsofaffin kuɗi suna biyan ƙaranci ne da kyawun yanayi, tsufa shi kaɗai ba ya ƙara ko kwabo. An buga sofarin miliyoyi a ƙarshen zamanin Biktoriya da zamanin Edwad da Joji, kuma yawancinsu har yau ana sayar da su a Landan da ɗan ƙari kaɗan a kan kuɗin zinariyarsu. Amma na 1917 na Landan, marar harafi, yana da wuyar samu ƙwarai domin an narkar da mafi yawansu, kuma kuɗinsa ya ninka na zinariya sau da yawa, alhali na 1917 mai harafin P abu ne gama-gari. Haka na 1920 mai harafin S da na 1916 mai harafin C suna cikin masu wuyar samu. Sai dai ka sani cewa waɗannan shekarun su ne masu jabu suka fi kwaikwayo, don haka in ɗaya ya faɗo hannunka, shakka ta fi murna dacewa har sai an tabbatar.

Batun yanayi kuwa yana da ma'auninsa. A Amurka ana amfani da matakai daga 1 zuwa 70, tsarin da William Sheldon ya fito da shi a 1949, inda 60 zuwa 70 suke nufin kuɗin da bai taɓa yawo a hannu ba. Kamfanoni biyu ne kasuwa ta fi yarda da hukuncinsu, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC da aka kafa a 1987. Suna tabbatar da ingancin abu, su ba shi lamba, su rufe shi a kwalin roba mai lambar rajista da za ka iya bincika a shafinsu na intanet. Kai da kanka za ka iya yin ƙiyasi ta duban wuraren da suka fi tudu: gashin kai da kunci a ɓangaren hoto, da ƙirji da gwiwar mahayin doki a ɗaya ɓangaren. In gashin ya baje ya zama sumul, ya sha hannu. Wanda yake ƙyalli fiye da sauran kuma an fi zaton goge shi aka yi, kuma madubi zai nuna maka siraran layuka a filinsa. Biyun nan masu alamar marataya, ko da na gaske ne, sun fita daga sahun masu tarawa, kuma a auna su da lura domin ragowar abin liƙi yana ƙara nauyin da ba zinariya ba.

Lissafin kuɗinsu ba shi da wuya. Ana faɗin farashin zinariya na duniya da dala a kan oza ɗaya, wadda ta yi daidai da giram 31.1, kuma sofarin na gaske yana ɗauke da 0.2354 na oza. A ce, don sauƙin lissafi kawai, oza tana dala 1,000, to kowane ɗaya dala 235 ke nan, sai ka sa farashin ranar ka juya shi zuwa naira da canjin da ake yi a kasuwa. Idan duka taran na gaske ne, tsantsar zinariyarsu kusan giram 66 ce, in kuwa na karat 21 ne, giram 63. Bayan haka ka je wurin masu sayen gwal biyu ko uku ka tambayi nawa za su saya, ba nawa suke sayarwa ba, domin ranar da za ka buƙaci kuɗin sayen hatsi a kaka, farashin sayensu ne zai shiga aljihunka. Da wannan farashin za ka yi wa abokin cinikinka lissafi, a gaban shaidu, a rubuta nauyi da shekara da harafin kowane ɗaya, kuma ka tabbata sauran magada sun san da maganar, domin kayan gado da ba a raba ba sun sha jefa mai saye cikin shari'a.

Akwai kuma ɓangaren addini da bai kamata ɗan kasuwa Musulmi ya tsallake ba. Cinikin zinariya da kuɗi hannu da hannu ake yin sa, kuma in za a musanya zinariya da zinariya sai nauyi ya zo daidai, don haka kada ka ba da tsohon sisi ka karɓi sarƙar da ta fi shi nauyi da hujjar cewa naka na tarihi ne. Yadda za a mayar da bashin naira ya koma zinariya a zama ɗaya, ka zauna da malaminka ya daidaita muku shi kafin ku rabu. Nisabin zakka misƙali 20 ne, kimanin giram 85, wanda sofarin goma sha biyu suke cikawa, amma tunda kai ɗan kasuwa ne, za a haɗa taran nan da sauran dukiyarka a lissafi.

Game da fara tarawa, ina ba ka goyon baya matuƙar ka ɗauke shi a matsayin ajiyar zinariya, da kuɗin da ba na jarin hatsi ba. Ƙarin da masu tarawa suke biya yana samuwa ne a gidajen gwanjo na Landan da Amurka da makamantansu, kuma kafin ka kai can akwai kuɗin aikawa da inshora da kuɗin tantancewa da la'ada, ga kuma ƙa'idojin fitar da zinariya daga ƙasa da sai ka bi. A Gombe ko Bauchi ko Kano, wanda zai saya daga hannunka sikeli zai ɗauko. Ka ajiye kowane sisi a ɗan jakarsa daban don kada su goga juna, ka riƙe su ta gefe, ka ɗauki hoton fuska biyu na kowane ɗaya. In ka gama awo ka turo mini jerin shekaru da haruffa da nauyi, in akwai wanda ya cancanci a kashe kuɗin tantancewa a kansa, zan nuna maka shi.