Amsa: Yaro ya faɗi, gwiwar hannunsa ta kumbura

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai shekara 6 ya faɗo daga katanga ya dafa ƙasa da tafin hannu, gwiwar hannun ta kumbura, kina tambaya ko targaɗe ne a kai shi wajen mai ɗori. Ki fara kai shi asibiti a ɗauki hoton wurin, Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Murtala, duk a Kano. Kafin ku isa, a rataye hannun a wuya da ɗankwali yadda yake, kada a ja shi, kada a murza.

Dalili kuwa, daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu ƙashi ɗaya ne tal, a nan yake haɗuwa da ƙasusuwa biyu masu gangarawa wuyan hannu. Dab da mahaɗar, ƙashin damtsen yakan yi faɗi ya sirance, to nan ne ya fi karyewa ga yara masu irin shekarunsa, ido kuma ba ya bambance wannan karayar da targaɗe. Babbar jijiyar jini da jijiyar da ke motsa yatsu ta gaban wurin suke wucewa. Na ga yaron maƙwabtanmu da aka ɗaure wa hannu tamau da kara a kan kumburi, jini ya kasa wucewa, har yau yatsunsa a lanƙwashe suke. Don haka ki taɓa yatsunsa yanzu. In sun yi sanyi, ko fari, ko ya ce ba ya jin su, ku tafi a daren nan, kada a jira gari ya waye.