Yayana ya kai shekara 26, har yanzu Umma ce ke haɗa masa shayi

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Yayana yana da lalurar galahanga (wato autism), shekarunsa 26. Maganarsa kaɗan ce, amma ba ya wasa da salla, alwalarsa ma ta fi tawa kyau. Sai dai Umma ce ke haɗa masa shayi, ta wanke masa kaya, ta zaɓa masa wanda zai sa. Yanzu hawan jini ya sa ta a gaba, ni kuma bayan Babbar Salla za a ɗaura min aure. Dangi na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shin lokacin koya masa ya wuce? Ƙanwarki daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Umma lafiya, ya sa albarka a aurenki. Lokaci bai wuce ba, kuma hujjar tana cikin wasiƙarki. Dubi alwala: wanke hannu, kurkure baki, shaƙa ruwa, fuska, hannuwa zuwa gwiwa, shafar kai, kunne, ƙafafu. Wanda ya riƙe wannan jeri yana yi sau biyar a rana ba kuskure, zai iya haɗa shayi. Alwala ta zauna masa ne saboda kullum iri ɗaya ce, lokacinta sananne ne, ya ga ana yi, kuma ba wanda ya taɓa yi masa ita don tausayi. Haka za ku koya masa sauran.

Ku ɗauki abu ɗaya tak, kuma ku fara tambayarsa wanne yake so, domin babba ne, ba yaro ba. Mu ce shayin. Ki zauna ki rarraba aikin: ɗauko kofi, sa ganyen shayi, zuba ruwan zafi daga filas, sukari cokali biyu, madara, juyawa. Sannan ku fara daga ƙarshe. Umma ta yi komai, ta bar masa juyawa kawai, ya juya ya sha. Idan wannan ya zauna, ta bar masa madara da juyawa. A haka za a riƙa komawa baya har ya kai ga ɗauko kofi da kansa. Amfanin wannan hanya shi ne kullum shi ke kammala aikin, daɗin kammalawar kuma a bakinsa yake ji. Ki ɗauki hoton kowane mataki da wayarki, da kofinsa da filas ɗinku na gida, a wanke hotunan a manna a bango bi da bi. Da yawan masu galahanga, abin da suka gani ya fi zama a ransu fiye da abin da aka faɗa.

Wahalar ba a wajensa take ba, a wajen Umma take. Lokacin da nake koyarwa a ajin masu buƙata ta musamman, na je gidan wani matashi da ake koya wa irin wannan. Ya ɗebo sukari, hannunsa na rawa, rabi ya zube a tabarma. Kafin ya ɗago, mahaifiyarsa ta karɓe cokalin tana cewa "Kawo, kawo, Allah sarki." Sai na ga ya mayar da hannuwansa cikin riga ya juya fuska ga bango. Washegari na roƙe ta ta naɗe hannuwanta a cikin mayafi, ta ƙirga goma a zuci kafin ta ce uffan. A ƙirga na bakwai ya sake ɗebo sukarin. Tana kallonsa hawaye na zuba. Ki gaya wa Umma, cikin ladabi, cewa wannan jiran ma kulawa ce.

Idan ya ƙi wani aiki, kada ku yi saurin cewa taurin kai ne. Masu galahanga da yawa ƙara, wari ko taɓawa na damunsu fiye da mu. Wanda ya ƙi wanki, wataƙila ƙamshin omo ne ke hawa masa kai. A gwada sabulun da ba shi da ƙamshi. Lokaci kuwa, ku jingina shi da salla: shayi bayan asuba, wanki bayan azahar ranar Asabar.

Kuɗi da fita waje su zo daga baya. Ku fara da mai shagon unguwa da ya san shi, da takardar naira 500 ɗaya, da abu ɗaya da zai sayo, ke kina tafe a bayansa. Ku sa masa kati a aljihu mai lambar waya biyu. Gas da risho kuma a bari sai an ga hannunsa ya faɗa.

Ina so ku kai shi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ku tambayi jami'in da ke koyar da ayyukan yau da kullum. Idan ya taɓa faɗuwa ko sandarewa, ku faɗa wa likita, domin farfaɗiya kan haɗu da wannan lalura. Ki kuma sani cewa tun watan Janairun 2019 akwai dokar tarayya da ta haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, idan wata rana ya nemi koyon sana'a aka kore shi.

Kafin bikinki, ki jawo wani namiji a gidan, ƙani ko kawu, ya koyi jerin hotunan nan, domin aski da wanka ba ke ko Umma za ku koya masa ba. Bayan wata guda ki sake rubuto min, ina son jin matakin da ya kai a shayin.