Tunda aka ɗora Mama kan wannan maganin barci kawai take yi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata tana da ciwon mantuwa, tana gidan kula da tsofaffi, to da daddare takan tashi tana ihu wai ita gida za ta, shine suka ɗora ta kan wani magani risperidone. Ihun kam ya tsaya amma wallahi yanzu Mama sai barci, ko cokali ba ta iya riƙewa, yawu na zuba, tafiya ma jan ƙafa take. Dan Allah in ce su daina ba ta?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Kar a yanke mata shi lokaci guda, a hankali ake ragewa kuma likita ne zai rage. Amma ki nemi ganin likitan da ya rubuta shi cikin satin nan, dan wannan barcin da jan ƙafar duk maganin na iya jawo su.

Risperidone asalinsa maganin taɓin hankali ne, ba ya warkar da mantuwa. Tun 2005 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi cewa irinsa yana ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu mantuwa, ga kuma haɗarin shanyewar ɓarin jiki. A Ingila ma sati 6 kacal aka yarda a ba mai Alzheimer (wani nau'in ciwon mantuwa ne), shi ma sai in yana neman ji wa kansa ko wani ciwo kuma an gwada wasu dabarun sun ƙi.

Ni gaskiya abin da ke damuna shine tsohuwar da ke ihu cikin dare sau da yawa wani abu ne ke cinta bakinta ya kasa faɗa, ko ciwon mafitsara, ko ta kwana biyu ba ta yi bayan gida ba, ko gwiwa ke mata zogi, ko ƙishirwa, ko tsoron duhu kawai, in aka ba ta ƙwaya tai shiru ai ma'aikata ne suka huta, ita ciwonta na nan.

Ki tambaye su: an auna fitsarinta? Dan me aka fara maganin, kuma yaushe za a sake dubawa a rage? Ki sa su nuna miki duk magungunan da take sha. In suka ce za su canza mata da diazepam, wani maganin kwantar da hankali da sa barci, kar ki yi saurin yarda, shi ma yana sa tsofaffi jiri su faɗi su karya ƙugu. In kuma ta fara ƙwarewa wajen cin abinci ko zazzaɓi ya zo, ranar likita zai gan ta, ba jira.