Likita, Kaina Na Ƙaiƙayi: Amsoshin Tambayoyinku na Bazara

Tun da hunturu ya ja da baya zafin Afrilu ya sauka a Kano, rabin saƙonnin da ke iso mini kan ƙaiƙayin kai ne. Ba abin mamaki ba ne. Rana tana kai maki 40 har ta wuce, wuta ba ta tsayawa balle fanka ta juya, ruwa kuma sai an tare mai kura an saya. Ga amsar wasu daga ciki.

Likita, ni ɗan Adaidaita ne a Hotoro. Da rana kaina yana ƙaiƙayi a ƙarƙashin hula, da dare ya lafa.

Malam, gumi ne da ƙura. Ka riƙa wanke kai kullum da yamma, ka tanadi hula biyu ko uku kana canzawa kana wankewa. Idan ka ga ƙuraje masu ruwa, ka je asibiti.

Amosani ya dame ni. Ina shafa basilin da man kwakwa kullum amma sai ƙaruwa yake yi. Daga wata ɗaliba a Gwammaja.

'Yata, mai ɗin ne yake ƙara miki. Mutane suna ɗauka amosani bushewar fata ce, shi ya sa suke lafta mai. Akwai wata ƙwayar fungas mai suna Malassezia da ke zaune a fatar kan kowa, abincinta maiƙo ne, kuma ɗumi da laima suna yi mata daɗi. Ki rage man, wanda za ki shafa ya tsaya a gashi kada ya kai fata. Ki nemi shamfu mai ɗauke da ketoconazole ko selenium sulfide, ki yi amfani da shi sau biyu a mako na tsawon mako huɗu. Kada ki zuba ki ɗauraye nan take. Ki cuɗa shi a fatar kan, ki bar kumfar minti biyar. Amosani kan dawo, don haka ko ya lafa ki ci gaba sau ɗaya a mako. Idan wata guda ya wuce babu sauƙi, a ga likitan fata.

Kitsona yakan yi mako shida. Yanzu yana wari da ƙaiƙayi. Daga wata matar aure a Ɗorayi.

Hajiya, mako shida ya yi yawa a wannan zafin. Ki tsefe bayan mako biyu, ki wanke, kuma ki bari gashin ya bushe sarai kafin ki ɗaura ɗankwali ki ɗora hijabi. Ki ce wa makitsiya ta sassauta hannu. Kitson da ya hana ki barci shi ne yake cinye gashin goshi.

'Ya'yana mata uku sun kwaso ƙwarƙwata a Islamiyya. Maƙwabciyata ta ce in zuba musu fiya-fiya ko kananzir, in ɗaure kan da leda su kwana da shi, ta ce ita haka take yi. Digo nawa ya kamata in sa? Daga wata uwa a Kurna.

'Yar'uwa, ko digo ɗaya kada ki sa. Ina roƙon ki don girman Allah. Da na karanta saƙonki sai da na ajiye wayar na yi salati, saboda na san ƙarshen wannan hanyar, na gan shi da idona.

Akwai daren da aka kawo mini wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba, a goye a bayan kakarta. An tsefe mata kai da la'asar, an shafa fiya-fiya, an ɗaure da baƙar leda. Tun daga bakin ƙofa warin ya riga su shigowa. Miyau yana dalala har ya jiƙa wuyan rigarta, ƙirjinta yana ƙara kamar tukunya na tafasa, ƙwayar idonta ta ƙanƙance kamar kan allura. Uwar tana ta faɗin, "Wallahi ba ta sha ba, a kai kawai na sa." Gaskiya ta faɗa. Ba ta sha ba, kuma ba sai an sha yake kisa ba. Allah ya yi da sauran kwananta, amma mun kwana a tsaye a kanta.

Fiya-fiya da Sniper duk guba ɗaya ce, dichlorvos, wadda aka yi don kashe ƙwari. Tana ratsa fata ta shiga jini. Kan da aka yi ta sosawa cike yake da ƙananan raunuka, ga zafi, ga gumi, sannan a rufe da leda: an buɗe wa gubar ƙofa ke nan an hana ta fita. Idan ta shiga, takan hana jijiyoyi hutawa, sai jiki ya yi ta zubar da ruwa: miyau, hawaye, amai, zawo, har huhu ya cika yaro ya kasa numfashi. Jikin yaro ƙarami ne, abin da babba zai jure shi zai kayar da shi. Maƙwabciyarki ta yi ta tsira, sa'a ta ci. Ni ba zan yarda ki gwada sa'a da 'ya'ya uku ba. Kananzir kuwa yana ƙona fata, tururinsa na cutar da huhu, kuma yarinyar da ke da kananzir a ka ta gifta ta gaban murhu ko risho, ba sai na faɗa miki sauran ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganin gaskiya yana nan a kemis. Ki tambayi maganin ƙwarƙwata mai permethrin kashi 1 cikin ɗari, ki bi umarnin da ke jikin kwalin. Ki maimaita bayan kwana 7 zuwa 10, domin ƙwan da ke manne a gashi a lokacin yake ƙyanƙyashewa. Rashin maimaitawar nan ne yake sa a ce magani bai yi aiki ba. Tsakanin nan ki jiƙa gashin, ki sa ɗan mai don ya yi santsi, ki raba shi kashi-kashi ki taje da mataji mai ƙananan haƙora duk bayan kwana uku, har mako biyu. Ki yi wa duk masu ita a gidan rana ɗaya. A wanke hijabai, ɗankwali da rigar filo da ruwan zafi a shanya a rana. Kuma kada ki ji kunya, ƙwarƙwata ba shaidar ƙazanta ba ce. Daga kai zuwa kai take rarrafawa, ko ta aron hijabi da mataji.

Wanda ya riga ya shafa wa yaro fiya-fiya, ya cire ledar da kayan jikinsa, ya wanke kan da sabulu da ruwa mai yawa, ya ɗauki kwalbar ya nufi sashen gaggawa mafi kusa, ko Murtala, ko Hasiya Bayero, ko Asibitin Malam Aminu Kano. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a sa shi amai, kada a ce bari gari ya waye. Akwai allurar da ke karya gubar, amma sai an zo da wuri. Ina maimaitawa: a tafi asibiti ko da yaron yana wasansa.

Ɗana mai shekara shida yana da makero a ka, gashin wurin ya zube. Na shafa man kemis ya ƙi ji, an ce in gwada baƙin mai. Daga wani magidanci a Rijiyar Lemo.

Malam, baƙin mai na inji ne, haka man birki da ruwan batir. Ƙuna kawai za su bar wa yaro. Makeron kai, wanda wasu ke kira kora, fungas ne da ke shiga cikin silin gashi har saiwarsa, shi ya sa man shafawa kaɗai ba ya kai masa. Wasu mayukan ma, irin waɗanda ake cewa suna maganin komai, suna ɗauke da sinadarin siteroyid mai kwantar da ƙaiƙayi cutar kuma tana yaɗuwa a ƙasa. Maganin sha ake bayarwa, kamar griseofulvin na mako 6 zuwa 8, kuma likita ne zai auna shi da nauyin yaron. A duba ƙannensa, a ware masa mataji da hula. Idan wurin ya kumbura yana fitar da mugunya, ko kaluluwa ta fito a wuya, kada a kai wa wanzami ya tsaga. A kai shi asibiti a ranar, domin jinkiri na barin tabon da gashi ba zai sake tsirowa ba.

Ƙuraje suna fito mini a ƙeya duk bayan aski. Daga wani matashi a Fagge.

Ka daina ƙwalƙwal da gyaran ƙeya da reza, ka sayi kilifarka. Kada ka matse su. Idan sun fara tauri suna haɗewa, ka ga likita tun suna ƙanana.

Na yi rinin gashi saboda biki, kaina yana zafi, goshina ya kumbura. Daga wata amarya a Sheka.

Amarya, jikinki bai karɓi sinadarin da ke cikin baƙin rini ba, wanda ake kira PPD, shi ne kuma ake zubawa a wasu nau'o'in baƙin lalle. Ki wanke kan sosai, ki je asibiti yau, kuma kada ki ƙara amfani da shi, domin karo na biyu ya kan fi na farko tsanani. Idan kumburin ya sauko ido ko leɓe, ko numfashi ya fara yi miki wuya, a kai ki sashen gaggawa nan take, ko tsakar dare ne.