Gwajin ADHD ga babba a Legas: wa za a gani, me za a biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 34, ina kasuwanci a Agege. Tun ina yaro hankalina ba ya tsayawa wuri guda, ga mantuwa, ga fara aiki ban ƙarasa ba. Wani gwaji a intanet ya nuna ina da ADHD, wato larurar rashin maida hankali da rashin natsuwa, wani asibitin kuɗi kuma ya ce sai an yi mini hoton ƙwaƙwalwa. In biya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Hoton ƙwaƙwalwa ko gwajin jini ba sa tabbatar da ADHD. Da doguwar tattaunawa ake gano ta, don haka lokacin ƙwararre ne abin da ya cancanci ka biya. Na intanet ɗin, ko da ASRS ne mai tambaya 18 na Hukumar Lafiya ta Duniya, tantancewar farko ce kawai.

Mutum biyu ke wannan aiki: masanin halayyar ɗan'adam na asibiti, mai gwaje-gwaje da rubuta rahoto, da likitan ƙwaƙwalwa, wanda shi ne zai iya rubuta magani. Tunda ba ka san tushen matsalar ba, fara da likita. Akwai su a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, da asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja. Layi da jira sai haƙuri, amma sun fi sauƙin kuɗi.

A ƙa'idar DSM-5, littafin da likitocin ƙwaƙwalwa ke bi wajen gano cuta, babba sai ya nuna aƙalla alamu 5 cikin 9 na rashin maida hankali, ko na rashin natsuwa da gaggawa, tsawon wata 6, a fiye da wuri guda, kuma wasu sun bayyana kafin shekara 12. A nan da yawa ke tuntuɓe, sai su je ba mai shaidar yarintarsu. Tafi da sakamakon firamare idan yana nan. Idan Inna ko yayanka na Arewa, a kira su a waya.

Faɗi gaskiya kan barcinka. Mai tashi ƙarfe huɗu don guje wa gosulo zai iya yin mantuwa ba tare da ADHD ba. Haka ma damuwa, fargaba, ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo da shan tiramadol. Wanda ya rubuta maka magani cikin minti goma bai tambayi waɗannan ba, bai auna hawan jininka ba, sake wuri.

Kafin ka biya a asibitin kuɗi, tambayi zama nawa ne, ko kuɗin ya haɗa da rubutaccen rahoto, da ko likitan na da rajistar MDCN, hukumar da ke yi wa likitocin Najeriya rajista.

Tambaya daga wata mai karatu: Ina tsoron a gan ni a Yaba a ce na taɓu.

Amsa: 'Yar'uwa, yawancin masu zuwa can ganin likita suke yi su koma gida ranar. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta kare sirrin majinyaci. Idan duk da haka zuciyarki ba ta kwanta ba, je LUTH ko LASUTH, inda sashen ke cikin babban asibiti tare da sauran sassa.